Lambar Kaka Zacharias

Kubwa, Abuja
4 ga Janairu

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ciwon gwiwar nan? Ina fata Mama tana lafiya, kai kuma kana shan magani ba sai ta yi faɗa ba.

Baba, na yi abin da ka hana ni. Kafin hutu ina koya wa ɗalibaina asalin yaƙin duniya: yadda aka harbe wani yarima a Turai, manyan ƙasashe kowacce ta goyi bayan nata, wuta ta tashi, da yadda aka ƙuntata wa Jamus bayan an gama har ɓacin ran ya jawo yaƙi na biyu. Sai bakina ya kasa furta cewa kakana ma ya je yaƙin a ƙasar Boma. Malamar tarihi guda, tana jin kunyar tarihin gidansu! Abin ya ƙona mini rai.

Na san abin da ake faɗa a ƙauye, wai Kaka Zacharias gudu ya yi daga fagen fama, shi ya sa ya dawo da ɗingishi, ba lambar yabo, ba labari. Shekara saba'in kana haɗiye wannan magana.

To, na je ofishin da ke ajiye takardun tsoffin sojoji. An duba kaf, babu sunansa. Na fito jiki a sanyaye, sai wata ma'aikaciya, Hajiya Ikilima, ta biyo ni har bakin titi ta ce in nemo lambarsa ta soja. Ka tuna waƙar ƙidayar nan da yake yi maka kana ƙarami, wadda kai ma ka yi mana? Ina zargin lambarsa ce yake rerawa. Don Allah rubuto mini lambobin a jere, kada ka ce shirme ne.

'Yarka,
Serah

Kubwa, Abuja
17 ga Janairu

Babana,

Barka da war haka, da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, har da faɗan da ka haɗo da shi. Na karɓa. Yanzu nemi wuri ka zauna.

An same shi! Hajiya Ikilima ta bi lambar, sai ga takarda da sunan Audu Kagoro. Ta ce a zamanin, duk saurayin da ya shiga soja daga wajenmu, suna na Hausa ake ba shi a liƙa masa sunan garinsu. Mu kuma duk mun manta cewa sai bayan ya dawo aka yi masa baftisma ya zama Zacharias.

Ga abin da aka rubuta. A bakin kogin Kaladan, Japanawa na ruwan harsashi, ya haye ruwa sau uku, kowane zuwa ya goyo wanda aka harba. A zuwa na huɗu harsashi ya same shi a cinya, bai sauke mutumin ba. Ɗingishin da mutanen ƙauye suka yi ta yi wa dariya ke nan. Lambar yabonsa ta fito yana kwance a asibiti, ba wanda ya kai masa.

Na huɗun nan a bayansa ya cika. Ina jin shi ya sa Kaka bai taɓa buɗe baki ba. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba.

Jiya na karanta wa ajina. Ban ce su tashi ba, da kansu suka miƙe tsaye.

Ina nan tafe ranar Asabar da kofen takardar. Ka roƙi Fasto ya ba mu minti biyar bayan sujada ranar Lahadi. Mama ta goge babbar rigarka, ka zauna a layin gaba. Kai za ka karanta, Baba, ba ni ba.

Ka huta lafiya.

Jikanyar Audu Kagoro,
Serah