Kwalayen da Ka Zaɓo wa Sabulun Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya buɗa maka a wurin aiki, ya kuma ba ka kunnen jin magana, don shi na ga ya yi maka ƙaranci. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma shago, Gwaggo tana nan da bakinta yadda ka san ta, babbar 'yata kuma ta ci jarrabawa. Inna tana ci tana sha, amma ba zan ce maka lafiyarta ƙalau ba, kuma abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Sau tara na kira ka a makon nan ba ka ɗauka ba, sai saƙo wai kana cikin taro. To, abokin aikinka da ya zo hutu zai koma gobe, na ba shi takardar nan tare da ɗan ƙunshi. Kada ka buɗe ƙunshin sai ka karanta ta har ƙarshe.

Bari in tuna maka abin da ka manta, tunda nisa ya mai da kai baƙo. Ɗakin bayan nan mai taga ɗaya, inda Inna ta shekara talatin tana haɗa sabulu, daga cikinsa takalmin makarantarka ya fito, daga cikinsa littattafanka suka fito. Tana zuba shi a akwatin katako, in ya daskare ta yanka da siririyar waya, ta danna ɗan hatiminta mai zanen ganye a kusurwa, ta jera a kan kanta ya sha iska mako huɗu. Sannan ta naɗe kowanne a takarda ruwan ƙasa, ba gam ba komai, ta ɗaure da zare, ƙullin da ja ɗaya ke warware shi. Shekara ashirin ina tsaye kusa da ita ina juya tukunya, man kwakwa ya ƙone ni, soda ta cinye mini farce. Kai kuwa rabonka da taɓa ludayin nan tun kana sa gajeren wando.

Ka san yadda aikin otal ɗin ya zo, don ni da bakina na faɗa maka, kuma har gobe ina cizon yatsa. Manajar otal ɗin da kanta ta tako har ɗakin, mace mai tsabta da sanin ya kamata. Ta ce suna son kyauta ɗari huɗu da za su raba wa kamfanonin da ke sauke baƙinsu a wurinsu, sabulu uku a kowace kyauta. Ta tsaya ta kalli hannun Inna tana naɗi, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ja zaren, ta yi dariya, ta sa biyu a jaka. Ba mu taɓa samun aiki irin wannan ba. Ranar nan har 'yar waƙa na ji Inna tana yi a bakin tukunya, ita ce ma ta ce in kira Auta in yi masa albishir.

Sai ka kira ta wayar da ake ganin juna, ka ce in nuna maka yadda za a kai kayan. Na ɗaga maka ɗaya. Ka tuna dariyar da ka yi? Ni ban manta ba. Ka ce wannan ai sai ka ce ƙusoshi aka ƙunsa a shagon kayan gini. Ka ce manyan kamfanoni ido suke fara ciyarwa, kwali shi ne fuskar sana'a, duk wanda ya miƙa wa babban mutum takarda da zare ya zubar da mutuncin gidansu. Inna tana zaune a gefena, zaren yana hannunta, ba ka gan ta ba don fuskata kawai wayar ta ɗauka. Na yi maka alama da ido, ka ci gaba da zuba kamar an buɗe famfo. Da ka gama, ta ajiye zaren a hankali ta ce ai gaskiyarka, kai ka ga duniya, mu bi abin da ka ce.

Na faɗa maka abu biyu tun a lokacin, kada ka ce ban faɗa ba. Na ce sabulunmu ba na inji ba ne, yana son iska, in aka toshe shi gumi yake yi. Na kuma ce Inna da hannu take yanka, ba biyu da suka zo daidai. Ka yi kunnen uwar shegu da ni. Ka ce in bar maka harkar kwali, ni in tsaya a tukunyata. Ka zauna can a kujerarka mai juyawa ka zaɓo a hoto: baƙin kwali mai sheƙi, murfi mai maganaɗisu, rubutun ruwan zinare, baƙin soso a ciki da ramuka uku, sai leda da za a liƙe duka da ita. Ka aika wa mai kwali awon da ban san inda ka samo shi ba. Har ka nemi lambar manaja ta bayan idona ka ce mata ta saurari abin mamaki. Wallahi ta ga abin mamaki.

Ranar da aka sauke kwalayen sun cika falo har ba wurin sa ƙafa. Gwaggo ta zagaya su ta ce waɗannan agogo za a sa a ciki ko zobe. Muka ɗauko sabulu, ya ƙi shiga rami. Muka gwada goma, ɗaya ne ya shiga, shi ma da dannawa. Da na kira ka, maimakon ka ce ka yi kuskure, sai ka ce a rage sabulun ya dace da kwalin. Haka ka ce, Auta, a rage sabulun. Kwana shida Inna tana zaune a kan tabarma da wuƙa tana feƙe abin da ta shekara talatin tana gyara siffarsa. Kusurwar da hatiminta yake ita ce ta fi tokarewa a bakin ramin, don haka ita aka fara yankewa. Ɓarɓashin ya cika roba biyu, kuma duk ganyen nan nata yana ciki. Ban ji ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ni ce na riƙa fita bayan ɗaki ina share ido, ina zaginka a zuci, kuma ban nemi gafarar wannan zagin ba tukuna.

Ni ma ina da nawa laifin, na sani. Da na tsaya kai da fata na ce ba za a yi ba. Amma a gidan nan in Auta ya yi magana daga nesa, ta Yaya ta zama surutun tukunya. Muka liƙe ledar yadda ka ce, muka jera a ɗakin ajiya, suka yi kwana goma sha biyu kafin ranar kaiwa, ga zafin da ake yi.

Ni kaɗai na je otal ɗin, kai kana can cikin taro. Manaja ta kira ma'aikatanta uku su zo su gani, ta sa almakashi ta yanke ledar kwali ɗaya a kan teburinta. Warin gam ne ya fara fitowa, ba ƙanshin zuma ko kaɗan. Sabulun ya yi gumi ya jiƙe sharkaf, baƙin soson ya zuba a jikinsa, ya zama kamar an wanke tukunya da shi. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, haka. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya juya baya, na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Matar nan ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da ɗaya daga cikin biyun da ta ɗauka a ɗakinmu, yana nan da takardarsa da zarensa, ta ajiye kusa da naka. Ta ce ita wannan ta gani, wannan ta nema. Ta ce baƙin kwali mai zinare kowane kamfani yana aiko musu da shi har sun rasa inda za su zuba, abin da ba su da shi shi ne hannun tsohuwar nan.

Duk da haka ta yi mana mutunci. Ta ce in kawo hamsin ranar Alhamis ta sama, naɗaɗɗu irin na farko. In sun yi, sauran aikin namu ne. In ba su zo ba, za ta ba wasu, kuma ba za ta sake takowa ba. Sabulu ba shi ne damuwa ba, akwai wanda ya bushe a kanta. Takarda akwai, zare akwai. Naɗin ne babu. Ni da Gwaggo mun yini muna gwadawa, namu ya fito kamar an ɗaure ciwo da bandeji. Shekara ashirin ina kallon hannun Inna, ban iya ninkin nan ba, don ban taɓa zaton wata rana zai tsaya ba.

Ya kuwa tsaya. Tun ranar da aka dawo da kwalayen Inna ba ta sake shiga ɗakin baya ba. Ta tattara takardun ta tura ƙarƙashin gado, ƙwallon zaren ta ba Gwaggo wai ta ɗaure shanya da shi. Na faɗa mata abin da manaja ta ce, kalma da kalma. Ta girgiza kai ta ce matar kawai tana jin kunyar tsufanta ne, ba za ta sake jawo wa 'ya'yanta abin dariya a gaban manya ba, tunda wanda ya sani ya riga ya faɗi gaskiya. Kawu ya zo ya yi mata magana, Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji, duk a banza. Tana zama a bakin ƙofa ta yi tagumi, hannayenta a cinya ba abin yi. Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ta ɗauki kwali ɗaya mai kyau ta goge ta ajiye a kan gadonta, tana zuba magungunanta a ciki. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta buɗe ta rufe ya ji ƙarar maganaɗisun, ta ce ɗanta ne ya zaɓo.

Don haka ka ji da kyau. Ba na neman shawararka, ba na son wani sabon kwali, fari ko ja, kuma kada ka ƙara kiran manaja ko mai kwali da sunan gidan nan. Abu ɗaya nake nema, kuma Allah ya sani ba da son raina nake neman sa a wurinka ba. Ka kira Inna, ba saƙo ba, kira, ta ga fuskarka. Ka ce mata ka yi kuskure, naɗinta ba abin kunya ba ne, kana so ta naɗe. Kada ka kawo mini zancen ba haka kake nufi ba, ko wasa kake yi. Ni ta fara haifa, ni ke ba ta magani safe da yamma, amma maganarka ce take shiga kunnenta. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, yau dai na faɗa. Bakin da ya ajiye zaren nan shi kaɗai zai sa ta ɗauka. Hamsin aikin kwana biyu ne a hannunta, ke nan in Talata ta wuce ba ka kira ba, an gama.

Yanzu buɗe ƙunshin. Kwalinka ne, da sabulu uku a ciki yadda manaja ta gan su. Ka kai hanci ka shinshina, ka nuna wa maiɗakinka, ka nemi hatimin ganyen ka ga ko za ka same shi.

Ka gaishe mini da maiɗakin naka, ita ba ruwanta. Ka shafa mini kan yara. Kawu yana gaishe ka, baban yara yana gaishe ka, Gwaggo ta ce ba ta da gaisuwar da za ta ba ka sai ka kira. Inna ta ga ina rubutu ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Da na faɗa mata, ta ce in gaishe ka da kyau, in ce kada ka riƙa tsallake abinci saboda aiki. Ta kuma ce in ba ka haƙuri, sabulunta ya ɓata maka kwalayenka masu kyau.

Na isar, don ita ta sa ni. Wayarta tana nan kusa da ita a kan gado, na cika mata caji.

Yayarka.