Huren Da Ba Ya Iri

Illela, daren Alhamis, tara ga watan Rajab

Yau na tona huren Hadiza. Tun rasuwarta bara, ruwa kawai nake ba shi.

Ɗiyarmu A'i ta dame ni da aike daga Ƙonni, tana son irin huren uwarta, jan nan da ya kusa baƙi, mai ƙamshin soyayyar aya da zuma. Na jira har kawunan sunka bushe, na murje su a hannu. Ƙaiƙayi kawai. Ashe ba ya iri. Tun da wani ɗan ayari ya kawo ma Hadiza shi daga arewa, saiwar take rabawa bayan damina, ta binne cikin tukunyar yashi. Shekara bakwai tana yi a gabana, ni ina kan buzu ina rubutu, ban taɓa ɗaga kai ba.

Da la'asar Ige mai jakai, da zai kai ma A'i saƙon, ya tsaya bakin zaure. "Malam, mi kaka jira? Ayari ba ya jiran hure."

Na ɗauko wuƙar Hadiza. In na yanka ba daidai ba duka za su ruɓe, kuma babu inda zan samo wani. Na yi bisimilla na raba, na barbaɗa toka. Rabi ya tahi Ƙonni cikin tsumma, rabi na cikin tukunya.

Da na gama, na juya wajen murhu in tambaye ta ko na yi daidai. Har na buɗe baki.