Ƙorafi Kan Cire Sunana Daga Bikin Bankwanan 'Yan Wasa

Zuwa ga:
Dokta Merle Atwater,
Daraktan Wasanni, Kwalejin Pell Hollow, Indiana.

Daga:
Corinne Tolliver, 'yar ajin ƙarshe, riga mai lamba 14,
Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Mata.

15 ga Fabrairu, 2024

Game da: Hukuncin da Koci Royce Brandt ya yanke mini

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da koke kamar haka:

1. Ranar Asabar 10 ga wata, saura daƙiƙa shida a tashi, an fi mu da maki ɗaya, Koci ya nemi a tsayar da wasa. Ya zana a allonsa cewa kada in jefa, in miƙa ƙwallon zuwa kusurwar hagu. Na miƙa, abokan hamayya suka tare, aka ci mu. Kafin mu bar fili ya goge allon da hannun rigarsa.

2. A gaban 'yan jarida ya ce Tolliver ta ji tsoron jefawa. Shekara huɗu nake wannan ƙungiya. An yi mini aiki a gwiwa, na dawo. Gudun ƙarfe biyar na asuba da yake sa mu duk bayan shan kashi, ban taɓa fashinsa ba. Tsoro dai ba a taɓa jingina mini ba sai ranar.

3. Ranar Litinin na tuna masa abin da ya zana. Ya ce shi tsari yake yi, ba shi ke riƙe ƙwallo ba, kuma ya sha ganin masu digiri a tsaurin ido. Nan take ya cire sunana daga bikin ranar 24 ga wata, wasanmu na ƙarshe a gida, inda kowace mai kammalawa ke takawa tsakiyar fili da iyayenta a kira sunanta.

4. Mu goma sha biyu muka ga allon. Ba zan kira kowa shaida ba, domin sa hannun Koci ne ke sabunta gurbin karatunsu kowace shekara.

Kakata, Odessa Tolliver, ita ta raine ni. Shekarunta saba'in da tara, ba ta taɓa ganin wasana ido da ido ba. Ta riga ta yanki tikitin mota daga Mississippi. Har yau ban faɗa mata ba.

Sakatariyarka ta ce kwamitin ƙorafi ba zai zauna ba sai 4 ga Maris. Na iya lissafi, Yallaɓai. Duk da haka ina roƙo a mayar da sunana kafin ranar bikin. An kuma ce in na ba Koci haƙuri a gaban ƙungiya, magana ta wuce. Ba zan bayar ba.

In ban ji daga gare ka ba, zan kawo ta, mu zauna cikin 'yan kallo, daidai bayan kujerar Koci. In ta tambayi dalili, zan nuna mata ofishinka.

Ka huta lafiya.

Taka cikin ladabi,
Corinne Tolliver