Jar Dawar da Aka Ba Baƙinmu

Daga: Hamma Sarkin Noman Tudun Ma'u,
Ƙasar Gwiwa.
21 ga Yuli, 1980.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Agajin 'Yan Gudun Hijira,
Kazaure.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAWA MAI MAGANI DA AKA RABA A MATSAYIN ABINCI

Bayan gaisuwa da ladabi, ina sanar da kai cewa guba muka ciyar da mutanen da suka gudo mana daga yaƙin Chadi.

1. Tun watan Afrilu muke riƙe da gida huɗu, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, ba su zo da komai ba sai kayan jikinsu. Da damina ta faɗi, rumbunanmu suka ƙare.

2. Ran 9 ga Yuli na je siton kwamitinka, Malam Mamuda mai sito ya ba ni buhunan dawa. Da na kwance sai na ga ja ce jawur, irin shuka ne da aka cuɗa da maganin ƙwari. Na faɗa masa. Ya ce a wanke kawai, in ba na so akwai masu so.

3. Ranka ya daɗe, karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma ni Sarkin Noma ne, na san wannan jan. Kunyar komawa hannu wofi ce ta sa na ɗora wa jaki. Matana suka wanke, suka sake wankewa, ruwan bai daina ja ba.

4. Tsohuwar baƙin, Ya Kura, ta ga ruwan, ta hana jikokinta taɓa tuwon sai ta fara ci. Ta cinye nata, ta zauna tana jira. Kafin la'asar amai ya kama ta. Yaran ba su ci ba.

5. A gabana aka loda wa mutanen wasu ƙauyuka biyu na wajen Roni irin buhunan nan. Na aika musu, ban sani ba ko saƙon ya isa.

Ina roƙo a tura mota yau a karɓo buhunan, a ba yaran nan hatsin ci, a kuma tuhumi mai sito. In za a tuhume ni tare da shi, ina gida.

Ran 12 ga wata muka binne Ya Kura. Ɗanta Mele ya zo har ƙofata ya yi mini godiyar likkafani. Ban iya duban idonsa ba.

Allah ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Hamma Sarkin Noma