Saniyata ta fito a teburin shef

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ban yi lakwal ba, wato boko, da murya na aiko aka rubuta. A ɓoye sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a yanke mini hukunci.

Makiyayi ne ni daga wajen Mayahi. Fari ya cinye garkena, saura saniya guda, ƙanena ya yi kudu da ita. Ni ina tura kurar ruwa a Tasawa. Duk ƙofar da na kai ruwa sai in ciro wayata salula in gwada rezonsu na intanet: mai kwaɗo in wuce, marar kwaɗo in shiga. Haka muka tashi a daji. Gonar da aka girbe aka sake ta dabbar kowa ce, wanda bai so ya yi shinge. Na sami rezon wani biro, wato ofis, a buɗe, nan nake jin muryar ƙanena, har ya turo mini hoton saniyar. Rannan ina kallonta salula ta nuna alamar wata na'ura, na danna in ga ko ita ma a buɗe take. Ashe injin buga takardar biron ne. Saniyata ta fito a teburin shef, shugaban biron, har da tsagar kunnenta.

Shef ya ce an kutsa musu cikin kwamfuta, kuma a zamanin sojan nan ba abin wasa ba ne. Ya ɗora wa gardinsu, wani dattijo Kirista ɗan Hawandawaki, wai shi ya ba bare kod, lambar sirrin shiga. Wane kod? Ƙofar ko marfi ba ta da shi.

Dattijon nan shi ke ba ni inuwa da shayi. Jiya ya nuna mini takardar ya ce, "Ɗan Fulani, wannan tsagar ta wajenku ce. Ramammiya kuwa." Na ce, "Baba, ta fi akuyarka." Ya yi dariya, ya ninke ta, ya ce ƙarshen wata za a sallame shi. Ya san ni ne.

Ban fasa komai ba, ban ɗauki komai ba, ko karanta abin da ke ciki ban iya ba. Tura ƙofa a ga ko a kulle take, sata ce? Ba na jin kunyar shigar da na yi. Shayin Baba ne nake jin kunyar sha. In na yi magana shef zai kira jandarma, wa zai saurari ɗan ga-ruwa? In na yi shiru, Baba ya koma gida rumbu babu hatsi.

Gobe da safe ni zan kai musu ruwa, shi zai buɗe mini ƙofa. Me zan yi?