Maganin Inna Ya Iso

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Amurka? Ya Anti Rabi da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Maganin Inna da ka aiko ta birnin Duwala ya iso jiya, kwana biyu bayan mun yi mata sadakar bakwai. Direban babbar motar da aka ba saƙon bai ci amana ba. Gada ce ta karye musu a hanya, suka yi kwana goma sha ɗaya a daji. Ya zo har nan garinmu Kokoro da kwalin a hannu, ya ga tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, ya tsuguna. Ni na koma ba shi haƙuri.

Kullum kana ba mu labarin titunan can, wai su suka raya garuruwa. Don Allah ka daina. Mu hanyarmu ɗaya ce, ran da ta yanke kuma ka ga abin da take yi mana.

Ka sa Inna a addu'a, ka gaida kowa. Kwalin yana kan gadonta. Ka faɗa min wa zan ba.

Ƙanwarka,
Hadiza