Kibiyar Yaya Sale da durian

Daren Talata, Pantai Dalam

Yaya Sale, maharbin gidanmu, ya ce in sayo masa, a nan ƙasar waje, kan kibiyar Turawa na harbin ɓauna. Iri biyu na tarar: mai tsayayyen kaifi irin na maƙeranmu, da mai buɗe fukafukai cikin nama kamar lema. Ni da na tsaya a aji uku, nan take na zama injiniya, na kwashi lemar. Mai kedai, wato mai kanti, ya ba ni tsayayyen guda ɗaya gyara.

Bayan la'asar na gwada su a jikin durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da taurin ɓawo. Na soka lemar iya ƙarfina, wallahi ba ta buɗe ba! Fiffike ɗaya ma lanƙwashewa ya yi. Gyaran kuwa ya shige sumul.

'Yata Ummi ta leƙo kicin. "Abba, makan ne wannan ko yaƙi?"

Makan dai cin abinci ne a yaren garin nan. Na yi mata dariya, amma na koma duba lanƙwasasshen fiffiken. Jibi saƙon zai tafi gida, har na rubuta sunan Yaya a kai. Durian dai zama ya yi yana jirana. Ɓauna ba za ta jira Yaya ba.

Gyaran zan aika masa.